Ranar da Aka Amsa Sallamar Badaru

Taki kawai ya je ɗebowa. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya asalinsa buhu biyu ne na kashin jemage da Badaru ya so ya zuba wa albasarsa.

La'asar ta yi sakaliya ranar, ɗari ya fara sauka, mata na ta kwashe shanya. Badaru ya ɗaure buhuna da shebur a bayan mashin, ya zura takalminsa na roba mai dogon wuya, ya ɗaura fitilar goshi a kan hula. Matarsa Na'ima na tankaɗe a tsakar gida. 'Yarsu Fiddausi, 'yar shekara shida, ita kaɗai Allah ya ba su, tana kan tabarma tana wasa da murfin kwano. Ya ce musu zai leƙa fadama ya dawo. Ƙarya yake yi. Dutsen Kwana ya nufa, wani baƙin tsauni da ke bayan ƙauyensu, can gefen Mawashi.

A gindin dutsen akwai kogo, a cikin kogon akwai jemagu. Ba irin manyan nan masu ɓarnar mangwaro a Kankia ba. Ƙanana ne, ɗaya bai cika tafin hannun yaro ba, kuma suna da wata ɗabi'a tasu: da ɗari ya kankama sai su dunƙule a rufin kogo su kama barci, ba ci ba sha, sai rimi ya fashe audugarsa sannan su farka. Kashinsu kuwa taki ne da babu na biyunsa. Gidan su Badaru ke ɗibarsa tun kaka da kakanni, kuma da ƙa'ida suke ɗiba. Da bazara ake shiga, bayan jemagun sun fita kiwo da almuru. Ba takalmi, ba wuta. Kwando da 'yar fartanyar aikin a can suke kwana cikin wata tsagar dutse, ba a kawo na waje. Kafin ka sa ƙafa kuma sai ka yi sallama. In shiru ka ji, bismilla. In aka amsa, ka juya gida kada ka waiga. Marigayi Manu, mahaifin Badaru, ya yi shekara talatin yana wannan sallama, ba a taɓa amsa masa ba.

Badaru ya san duk wannan, a bakin ubansa ya ji. Amma fa ya yi shekara biyu a ramukan haƙar ma'adinai can kudu, ya dawo da takalmi da fitila da kuma ganin cewa mutanen gida tsoro ya yi musu yawa. A tsofaffin ramukan can ya sha taka matattun jemagu masu farin hanci, bai taɓa ko sunkuyawa ya duba ba. Takalmin nan kuwa bai ga sabulu ba tun da ya baro can. Ga albasa ta fara ƙonewa daga baki, ga takin zamani ya yi tsadar da talaka sai dai kallo. Ya ce a ransa, kashin jemage dai kashin jemage ne, da bazara ko da ɗari.

Ya kafe mashin a ƙarƙashin wata tsamiya. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ya kunna fitila, ya sunkuya, ya shige. Sallama? Goro ne a bakinsa.

Wari ya tarye shi, irin na makewayin da ya daɗe ba a share ba, gauraye da sanyin dutse. Ya ɗaga kai. Hasken ya faɗa kan rufin kogon, sai ga su nan, dubbai, manne da juna, kowane ya naɗe kansa cikin fikafikansa. Ko motsi babu. Ya ce, "Oho, ku dai ku yi ta barcinku." Ya buga takalminsa a jikin wani dutse don ya kaɗe busasshiyar lakar da ke ƙasansa, ya kama aiki. Shebur na karta dutse, ƙarar na zagaya kogon tana dawowa. Can sama wasu suka fara motsi, suna 'yar ƙara, tsit, tsit. Bai kula ba. Ya cika buhu biyu, ya ja su waje ɗaya bayan ɗaya.

Yana ɗaure na biyun ne ya ji tsaki daga cikin kogon. Dogon tsaki, irin na tsohuwar da aka zubar wa gari. Gashin wuyansa ya tashi. Ya tsaya ya saurara, bai sake jin komai ba, sai ya ce iska ce, ya buga mashin ya tafi.

Albasa kam ta yi kyau, kada a ci amanar gaskiya. Cikin mako biyu ta miƙe ta yi shar, har masu wucewa na tambayarsa sirrin. Badaru sai murmushi yake yana shafa gemu.

A mako na uku aka fara ganin jemagu da rana tsaka.

Wa ya taɓa ganin haka? Rana na tsakiyar ka, ga su suna yawo kamar bugaggu, suna karo da katanga, suna faɗowa tsakar gidajen mutane. In ka ɗaga ɗaya sai ka ji ba nauyi, fata ce da ƙashi. A hancin kowane akwai wani farin abu mai laushi, kamar fumfunar da ke fitowa a tuwon da ya kwana uku. Kaji ma da ba sa barin komai zagaye su suke yi. Badaru ya tsinci guda a bakin rijiyarsa. Ya ga hancin, ya gane shi. Ya haƙa rami da ƙafa ya tura shi ciki, bai gaya wa kowa ba.

Sai Fiddausi ta daina barci.

Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba kuka. Za ta kwanta, ido ya lumshe, numfashi ya fara daidaita, sai ta zabura firgigit kamar an girgiza ta. Ta sake kwanciya, a sake haka. Daga dare har safiya, daga safiya har dare. Na'ima ta goya ta, ta yi jijjiga, ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, duk a banza. Ran kwana na uku ta ga fari a ƙofar hancin yarinyar ta ce, "Ke kuma kin sha fura ba ki goge ba." Ta sa bakin zane ta share. Kafin azahar ya dawo.

Sun kai ta asibiti a Kankia. Likitan ya yi iya yinsa, Allah ya saka masa, ya auna jini, ya sa ruwa, ya ba da maganin barcin da ya ce ko ƙato ya sha sai an ɗauke shi. Fiddausi ta sha, ta zuba wa silin ido har gari ya waye. Malam Zainul Abidin na makarantar allo ya yi rubutu, ta sha, ya yi tofi, ta ce amin da ɗan bakinta. Tana cin abinci kamar mai cin na mutum biyu, amma kullum ƙara zubewa take yi. Ran kwana na tara, awarwaron hannunta ya zame da kansa ya faɗi ƙasa.

Da hantsin ranar Badaru ya zauna kusa da ita, ya ce, "Fiddausi, mi ke hana ki barci?"

Ta juyo da idanun nan da suka faɗa, suka yi jawur. Murya can ƙasa ta ce, "Baba, da na fara sai wata ta zo ta kwashe."

"Ta kwashe mi?"

"Barcin. A 'yar ƙwarya take zubawa."

Badaru ya tashi ya fita bayan gida. Ya dafa rumbu ya daɗe a tsaye.

Ran kwana na goma Gwaggo Rabi ta iso daga Kunduru. Yayar marigayi Manu ce, tsohuwa mai kaifin ido da kaifin baki, wadda ko mai unguwa ba ya son ta tsare shi da tambaya. Ta duba yarinyar, ta taɓa hancin, ta shinshina yatsanta. Ta miƙe. Tana fitowa daga ɗakin idonta ya faɗa kan takalmin roba jingine a bakin ƙofa, da baƙin taki bushe a wuyansa. Ta dubi takalmin, ta dubi Badaru.

"Zo nan, ɗan Manu."

Ya bi ta zaure, ya durƙusa.

"Yaushe ka shiga?"

"Gwaggo, ni fa..."

"Ban tambaye ka ni fa ba. Yaushe?"

Ya faɗa mata duka, da shebur, da fitila, da ramukan kudu, da tsakin. Tsohuwa ta riƙe haɓa tana salati. "Da ɗari! Da wanga takalmi da ya taka mushen wani kogo! Kai, Badaru, ubanka ko wanka bai yi da sabulu mai ƙamshi in zai shiga. Kai a ganinka don tsoro aka ce a bar kwando can? Don kada a kai masu abin da ba nasu ba ne, sakarai! Jemagun nan suna da mai su, kamar yadda awakinka ke da mai su. Ka tashe su, ka kai masu cuta, yanzu ba su iya komawa barci, suna ta farkawa har kitsen jikinsu shi ƙare su mutu. To, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

Hawaye suka zubo wa Badaru, babba da shi. Ya ce, "Gwaggo, ɗiyar nan ba ta ƙara kwana biyu a haka. Mi zan yi?"

Ta sassauta murya. "Ka ƙone takalmin yanzu, nesa da gida. Da almuru ka tahi, ƙafa ba komi, hannu ba komi. Ka ɗauki kwandon can ka kwashe matattun ka rufe su, ka ba da haƙuri da bakinka. Ka fito kafin kiran isha'i. Kuma ka yi sallama." Ta kama wuyan hannunsa ta matse. "In aka amsa, ka juyo. Ka ji ni? Ka juyo, mu bar ma Allah."

Ya ƙone takalmin a bayan gari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin roba ya kama masa riga. Ya yi magariba a gaggauce, ya leƙa ɗaki. Fiddausi na jingine a jikin uwarta, baki a buɗe, ido a buɗe. Farin ya sauko har leɓenta na sama. Ba ta ma gane shi ba.

Da ƙafa ya tafi. Hanyar ta bi ta cikin gonakin da aka girbe, tushiyar dawa na sukar tafin ƙafarsa. Makiyaya sun riga sun shige. Ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Sauran ja kaɗan ne ya rage a yamma. Tun daga tsamiya ya fara jin warin, kuma ba irin na wancan karon ba ne. Wannan na mushe ne.

Ya tsaya a bakin kogon. Ya laluba tsagar dutse, ya jawo kwandon. Ya gyara tsayuwa.

"Salamu alaikum."

Shiru.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗaga ƙafa.

"Wa alaikumus salam."

A hankali aka faɗa, da raɗa, yadda ake amsawa a ɗakin da jariri ke barci. Muryar tsohuwa ce. Daga ciki ta fito, kuma daga sama.

Wallahi Badaru ya juya. Kada wani ya ce muku jarumi ne. Ya juya, ya yi taku uku, fitsari na neman ƙwace masa. Gida na can, ga 'yan fitilu ana hangowa. Sai ya tuna abin da zai tarar a gidan, yarinya a jingine, ido a buɗe, da abin da za a yi gobe ko jibi. Ya tsaya. Ya yi bismilla, ya koma, ya sunkuya ya shige.

Duhu ya rufe shi ruf.

Takun farko ya taka abu mai laushi. Na biyu ma haka. Ƙananan ƙasusuwa na karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙas, ƙas. Wasu da sauran ɗumi. Ya durƙusa ya fara lalube yana zubawa a kwando. Ɗaya ya motsa a tafinsa, ya kama masa yatsa da 'yan farata, sannan ya saki.

Can sama ana wani sauti. Bubbugawa ce a hankali, tap, tap, tap, irin ta uwa a bayan goyo. Da wani ɗan gunji a maƙogwaro, ba kalma a ciki.

Bubbugawar ta tsaya.

"Taka a hankali, ɗan Manu. Yanzu na samu guda ya runtsa."

Bai ɗaga kai ba. Muryar na daidai saman kansa, kusa, har yana jin iskar bakinta a ƙeyarsa. Sanyi ne da ita, da warin rumbun da ruwa ya shiga.

"Iya," ya ce. "Iya, na yi laifi. Haƙuri na zo badawa."

"Haƙuri." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ubanka mutum ne. Shekara talatin, ko tari bai taɓa yi mani a nan ba. Kakanka ma haka. Na ba ku taki, ban taɓa hana ku ba. Ka san tun yaushe nike renon waɗannan?"

Ya girgiza kai.

"Tun dutsen nan bai tsage ba."

Wani abu ya faɗo, fat, a kafaɗarsa, ya gangara ƙasa.

"Ka ji? Wani kuma ya tahi. Ina kwantar da su suna tashi. Ina shafe masu hanci shina dawowa. Barcinsu ya zube, ɗan Manu, kai ka zubar. Dole in nemo wani in ba su."

"Ɗiyata ba ta san komi ba, Iya."

"Su ma ba su san komi ba."

"Yarinya ce."

"Shi ya sa bai isa ba. Barcin yaro ɗan kaɗan ne, ko ƙwarya bai cikawa. Gobe nike kwashe na ƙarshe."

Badaru ya zube. Ya kifa goshi a kan mushen da ke gabansa, bai ma damu ba. Maganar ta fito da kanta, bai shirya ta ba.

"Ɗauki nawa."

Kogon ya yi tsit. Ko ɗigar ruwa babu.

"Naka," ta ce. "Shekararka nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Da saura kenan. Da yawa." Ya ji motsin zane a sama, ya ji tana matsowa. "Duka?"

"Ki sakar mata nata."

"Na ce duka?"

"Duka."

"Ɗago fuskarka. Rufe ido."

Ya ɗago. Yatsu biyu suka sauka a kan fatar idonsa. Dogaye ne, busassu, sanyinsu ya ratsa har cikin ƙwaƙwalwa. Suka danna. Sai ya ji ana jan wani abu daga bayan idanunsa, a hankali, kamar mai zare zare daga bakin tsumma. Ana ja. Ana ja. Nauyin da ya kwana goma yana ɗauke da shi a ka, duk gajiyar jinya, ya bi zaren nan ya fice. Kansa ya yi wasai, wasai ɗin da ba daɗi. Ya ji wani abu na tsiyaya cikin ƙwarya.

"Madalla," ta ce da raɗa. "Yanzu tashi ka fita. A hankali. Kada ka ta da..."

Wayarsa ta yi ƙara.

Ya tuna takalmi, ya tuna fitila, ya manta da ita a aljihun gaba. Ƙarar ta tsaga kogon, hasken ya huda rigar ya haske sama. Idonsa ya buɗe kafin ya hana shi.

Fuskarta na nan, taƙi ɗaya da tasa, a juye.

Ƙafafunta na can manne a rufin, zanenta bai zame ba, gashinta bai zubo ba. Ta miƙo tun daga sama har ƙasa, tsawon da ba na mutum ba. A ƙirjinta da hammatarta jemagu ne maƙale, ɗaruruwa. Idanunta ja ne jawur, ba fatar rufe su. Daga hancinta har haɓa kuwa fari ne fat, ya yi tsiro, yana motsi da numfashinta.

Ita ma ta kamu.

Rufin kogon ya fashe da ƙara. Duk wanda ta sha wahalar kwantarwa ya farka lokaci guda.

Ta yi ihu. Ba a kunne ya ji shi ba, a haƙora ya ji.

Ya watsar da kwando ya zabura. Fikafikai na marin fuskarsa, suna shiga bakinsa, suna kama gemunsa. Ya zame a kan mushe, ya faɗi, ya tashi da rarrafe. Wayar na ta ƙara. Ina ƙofar? Ina ƙofar? Ya kama Ayatul Kursiyyu, ta kakkarye a bakinsa, ya sake kamawa daga farko.

Can ga ɗan haske, toka-toka.

Hannu ya kama wuyan rigarsa ta baya.

Aka ja. Maɓalli ya shaƙe shi, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya ji numfashin nan mai sanyi a kunnensa.

"Na ce a hankali."

Ya ɗaga hannuwa sama, ya sulale daga cikin rigar kamar kifi. Ya faɗo, ya dunƙule, ya wurga kansa ta bakin kogon. Dutse ya yage masa kafaɗa. Ya gangara har gindin tsamiya.

Daga Mawashi aka ɗaga kiran isha'i.

Bai waiga ba. Da gudu ya ratsa gonakin, daga shi sai wando, ƙaya da tushiya na yanka shi bai ji ba. Tun daga bakin gari ya jiyo kukan Na'ima. Ya ce shi ke nan, ya makara, kiran mutuwa ne ta yi masa a waya. Ya faɗa gidan yana salati.

Na'ima na durƙushe a bakin ƙofa tana rusa kuka. "Baban Fiddausi, ta tahi! Ina riƙe da ita kawai ta saki, na kira ka ba ka ɗauka ba!"

Gwaggo Rabi ta leƙo daga ɗakin, ta daka mata tsawa da raɗa. "Ke, rufe mana baki! Wace gawa kika taɓa ji tana minshari?"

Suka yi cirko-cirko. Daga cikin ɗakin, siriri, ga shi nan yana fitowa. Fiddausi ta dunƙule a kan katifa, hannu a ƙarƙashin kunci, yawu na dalala. Gwaggo ta dubi Badaru, ba riga, jini a kafaɗa, ido tar kamar na mujiya. Ta daɗe tana kallonsa.

"An amsa," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta juya fuska ta share ido da gefen mayafi.

Kwana biyu cur Fiddausi ta yi tana barci. Ta farka ta nemi ɗumame. Farin hancin ya bushe ya kaɗe da kansa, kafin wata ya zagayo kumatu sun dawo.

Bayan nan wasu ma'aikatan dabbobi suka zo daga Katsina da takunkumi da safar hannu, suka tsinci matattun jemagu a gindin dutsen suka zuba a leda. Suka tara mutane suka ce wata irin fumfuna ce, a takalmi da kayan aiki ake ɗaukar ta daga kogo zuwa kogo, tana hana jemagu barci har su rame su mutu, don haka kowa ya nisanci wurin. Gwaggo Rabi ta ce, "To, mu da ba mu yi boko ba mi muka ce?" A cikinsu ba wanda ya shiga kogon, ko da takunkumin. Aka jibge ƙaya a bakin kogon. Da rimi ya fashe, jemagu sun fito kiwo da almuru, 'yan kaɗan, amma sun fito.

Badaru kuwa yau shekara biyu ke nan rabonsa da barci. Yana noma, yana zuwa kasuwa, yana sahun gaba a masallaci. Malam Zainul Abidin ya yi masa faɗa sosai, ya ce ba a ciniki da mutanen ɓoye, ya sa shi istigfari, kuma yana yi. An kai shi asibiti har Katsina. Amma in ya kwanta ya rufe ido, duhu kawai yake gani, a farke, har asuba. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yara sun daina yi masa wasa saboda idon. Ɗan Adam ba ya kai haka a raye, kowa ya sani, shi ma ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne ko har yaushe.

Rannan da azahar Fiddausi ta dawo daga Islamiyya, ta ci abinci, barci ya kwashe ta a inuwar darbejiya, allonta a gefe. Badaru ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna kusa da ita, yana kora mata ƙuda da mafici. Na'ima ta fito da tsintsiya, ta tsaya tana kallonsa, sai hawaye. Ta ce, "Baban Fiddausi, don Allah, ba ka ko marmarinsa?"

Bai ɗauke ido daga kan yarinyar ba. Ya ɗora yatsa a leɓe.

"Yi a hankali," ya ce. "Kada ki tashe ta."